Baƙin mai ya ƙi daina tsatsa ta murfin saman inji

Assalamu alaikum, masu gida kanikawa. Corolla ce 2005, ina jigila da ita Katsina zuwa Daura. Sau biyu ke nan ana canza mini gasket ɗin murfin saman inji, wato robar da ke hana mai tsatsa, amma ko sati ba ya rufawa baƙin mai ya dawo. Jiya da na zare fulogi, ramin na uku cike yake da mai, ga ƙauri in inji ya yi zafi, ga rawa in na tsaya.

Yaron da ya ɗaura ya lafta gam, ya kuma ɗaure kusoshin tamau, ina kallo dai na yi shiru. Shin murfin ne ya lanƙwashe sai na sayi wani, ko bawul ɗin PCV, mai fitar da iskar da ke taruwa cikin inji, shi ne ya toshe? Don Allah ta yaya zan bambance kafin in sake kashe kuɗi?