Sun rufe min gidan abinci saboda bututu

Hajiya Mai Tuwo: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi yau raina a ɓace yake. Shekara tara ina sayar da abinci a Kano, ba a taɓa cewa wani ya ci nawa ya kwanta ba. Da safen nan duba-gari su uku suka faɗo min, ba su buɗe tukunya ko ɗaya ba, ba su kalli nama ba, sai suka zarce baya wurin wanke-wanke. Wai bututun da ke kai ruwa tanki ya bi ta cikin kwata, kuma inda ya tsage an ɗaure da robar tayar babur. Shi ke nan fa, suka manna takarda a ƙofa, ga shinkafa kwano biyar na riga na ɗora. Ina ruwan abinci da bututu? Ruwana mai tsarki ne, da shi nake alwala. Na goro kawai suke nema.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah Ya saka miki Hajiya. Ga mai tsire can a bakin kwata ƙuda na bin sa, ba sa ganin sa.

Usta Mai Famfo: Hajiya ki yi haƙuri, amma wannan aikina ne. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a bututu, ta tsagar nan waje yake tsartuwa. Da an ɗauke ruwa ko an kashe inji, sai bututun ya zuƙo abin da ke kewaye da shi. In a kwata yake kwance, ruwan kwatar zai sha, gobe ya tura miki shi tanki. Roba ba ta tare wannan. A yanke wurin, a sa sabo, a ɗaga shi sama da kwata. Aikin yini ɗaya ne.

Sista Nas: Kuma Hajiya tsarki daban, tsafta daban. Ruwa yana iya zama garau kamar hawaye, amma yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko ta taifot.

Ustaz Abu Hafsa: Subhanallah. Sista ki iya bakinki. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa ba su canza ba, mai tsarki ne mai tsarkakewa. Yanzu kina nufin abin da shari'a ta ce mai tsarki ne, ku a asibiti kun mai da shi najasa?

Sista Nas: Malam ban ce najasa ba ne. Ka yi alwalarka, sallarka ta yi. Na ce kada a dama kunun aya da shi. Ƙwayar cuta ba ta da launi, ba ta da wari.

Ustaz Abu Hafsa: To ai kin raba tsarki da tsafta, alhali tsafta cikon addini ce. Wa ya rigaye ki da wannan rabon?

Ɗan Boko Na Gidan: Malam ruwan batir ma fari ne tas. Bismillah.

Ustaz Abu Hafsa: Ɗanɗanonsa ya canza, jahili. Ka ga illar shiga fagen da ba naka ba.

Ɗan Boko Na Gidan: Allah Ya huci zuciyar Malam. A 1854 a Landan wani likita, John Snow, ya bi sawun masu kwalara gida-gida har ya gano famfo ɗaya suke sha. Mutane na son ruwan famfon nan, ba su ga komai a ciki ba. Ashe ramin ba-haya ne ke yoyo kusa da rijiyar.

Maman Biyu: Kullum sai an kawo mana Bature. Kakanninmu ruwan rijiya da na tafki suka sha, suka yi shekara casa'in.

Sista Nas: Waɗanda suka rayu kike ƙirgawa, Maman Biyu. Ki tambayi Inna 'ya'ya nawa ta binne. Ko a 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Ni na yi dare a ɗakin da ake sa wa mutane ruwa a tabarma saboda gado ya ƙare.

Maman Biyu: Kada ki ƙara sako uwata a maganarki.

Sista Nas: Innar kowa nake nufi, ba taki ba.

Bazazzagi: Ni abin da ya ban mamaki, ashe akwai ruwan famfo a Kano har da za a kama mutum a kansa? Na zaci ruwan matatun Tamburawa da Challawa a jarkar 'yan garuwa yake zuwa.

Na Ƙofar Mata: Ka ji bawa da tsaurin ido. Ku da kuka shekara nawa kuna jiran aikin ruwan Zariya, har yaran da aka haifa lokacin suka yi aure?

Bazazzagi: Mu dai ba a rufe mana tuwo ba.

Jikan Duba-gari: Kakana wannan aikin ya yi tun zamanin En'e. Har cikin gida suke shiga su leƙa randa, in an ga tsutsa sai tara. Yau ma'aikacin lafiyar muhalli sai ya yi karatu, ya yi rajista da hukumar da aka kafa da dokar 2002, amma duk wanda aka kama sai ya ce na goro ake nema. Hajiya, tsakani da Allah, sun tambaye ki kuɗi?

Hajiya Mai Tuwo: Sai sun faɗa da baki? Ni yarinya ce? Na ga yadda babban yake ta juya biro.

Alhaji Tsohon Soja: Lokacin Buhari da Idiagbon a 1984 wa ya isa ya yi musu? Tsallen kwaɗo za a sa ka a kan kwatar. Yanzu sai tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, kowa ya kwanta barci har ƙarfe goma.

Na Ƙofar Mata: Baba a bar tone-tone, kada mu tashi zancen 2015 zuwa 2023.

Lauyan Unguwa: Ni tambayata, suna ma da hurumi? Abinci ai na NAFDAC ne.

Jikan Duba-gari: Lauyan bogi. Tsarin mulkin 1999, jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi kula da gidajen abinci da gidajen burodi. NAFDAC ta fi ƙarfi a kayan da aka sarrafa aka ƙulla, irin ɗan tsamin da ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano a 2021.

Ustaz Abu Hafsa: Har yanzu Sista ba ta kawo dalili ba. Ina jira.

Usta Mai Famfo: Jama'a ni fa bututu na ce a ɗaga. Hajiya in za ki gyara, a haɗa da na sinki, a sa masa lanƙwasar nan mai riƙe ruwa don kada wari da kyankyasai su hauro, a yi ɗan akwatin tare maiƙo kafin kwata. Kuma a wanke tankin, don abin da ya shiga ya riga ya shiga.

Hajiya Mai Tuwo: Kai ma ashe kasuwa kake nema.

Admin: To ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta: an zalunci Hajiya, kuma kusan kowa ya yarda. Ni shaida ne, shekara shida a wurinta nake cin rana, ko ciwon kai ban taɓa yi ba, miyar kukarta kuwa babu irinta. Malam ya tabbatar da cewa ruwan mai tsarki ne, ba a kuma kawo hujjar da ta ture shi ba. Sista, ki nemi afuwar Maman Biyu. Jikan Duba-gari dole ya kare gidansu, mun yi masa uzuri. Usta, an hana talla a nan, wannan gargaɗi na farko ne. Bazazzagi kuma na cire shi sai bayan sallar Juma'a. Hajiya, shinkafar nan da aka ɗora, in ba ta da mai ita a sanar da mu.