Waɗanda suka taɓa haɗa ƙaramin kan jirgin lantarki, ya kuka ƙare ranar gwajin farko?

Ɗan_Gangare

Salam jama'a. Dan Allah duk wanda ya taɓa shiga halin da nake ciki ya faɗo min yadda ya fita. Yayana da ke karatu a Jamus ne ya zo hutu ya kawo min ƙaramin kan jirgin ƙasa mai lantarki, amma ba irin wanda ake saya a haɗe ba, wannan a wargaje yake zuwa cikin kwali, fallayen tagulla da mutum zai yanko sassa a jikinsu, sai guntayen wani farin ƙarfe mai laushi, sai moto da giya da tayoyi a 'yar leda. Samfurin jirgin Suwizalan ne da suke ce wa Kada saboda dogon hancinsa gaba da baya, Ce 6/8 II, wanda aka fara ƙerawa a 1919 don jan kaya a hawan Gotthard. Girman HO ne wato 1:87, faɗin dogonsa milimita 16.5, shi kansa kan tsawonsa santimita 22 da ɗan wani abu.

Sati bakwai ina kansa kullum bayan isha'i, har fenti na yi masa ruwan ƙasa ya yi kyau wlh kamar a sa a gilashi. Jiya na ɗora shi kan dogo na murɗa kwantirola sai ya yi gurnani, ya matsa kaɗan ya tsaya cak, in na tura shi da yatsa ya sake matsawa ya sake cijewa, moto har ya fara ɗumi na kashe. Uwargida ta leƙo ta ce au wannan ne jirgin da ya hana mu barci, ta koma abinta. Ni dai ban ce komai ba.

Mai_Agogo_Terminus

Wa alaikumussalam ƙanena. Kafin komai amsa min abu ɗaya, a kowane zagayen taya wuri ɗaya yake cijewa ko duk inda ya ga dama? Don yadda ka kwatanta shi na tuna nawa na farko. Nawa ba Kada ba ne amma shi ma mai sanduna ne a gefe masu haɗa tayoyi, kuma duk jirgi mai irin wannan sanda dole ƙusar da ke jikin tayar dama ta saɓa da ta hagu da kusurwar digiri 90 daidai, kuma kowane aksul ya zama iri ɗaya da ɗan'uwansa. In ɗaya ya kauce ko da kaɗan ne, sandar za ta riƙa ja gaba a taya guda tana turawa baya a wata, sai a cije. Ni shekara ashirin da wani abu ina kwance agogo ina ɗaurawa, na ɗauka wannan wasan yara ne, na matse tayoyin da ido kawai ba awo, ai kuwa kwana huɗu ina zargin moto, har na kwance shi na busa na mayar, ashe moto lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fishe ni, na cire moto da giyar tsutsa, wato giyar nan mai zare kamar sukuru da ke kai juyin moto ga tayoyi, gaba ɗaya, na bar ƙashin jirgin da tayoyi kawai, na ɗora a kan gilashin shagona na ɗan karkata gilashin. In aiki ya yi zai gangara da kansa ba gargada. Nawa ya gangara rabin zagaye ya tsaya. Sai na cire sandunan na riƙa mayar da su bibbiyu, taya ta ɗaya da ta biyu lafiya, da na haɗa ta uku sai cijewa ta dawo, nan na kama ɓarawon. Na murɗa tayar a hankali da yatsa ina dubawa da tabarona na aiki har ta zo daidai. Ramukan sandar ma na ɗan buɗa su da siririn magagari, amma kaɗan fa, in ka zarce sandar za ta riƙa kaɗawa tana ƙara kuma ba a mayar da ƙarfen da aka ci.

Kuskurenka babba shi ne fenti kafin gwaji. Yanzu duk kwancewar da za ka yi sai ka kankare wani wuri.

Sarkin_Zolaya

Mutum yana zaune a Jos inda ko na dizal ya daɗe bai ji ƙahonsa ba, ya tsallake ya je ya ɗauko mai lantarki na Suwizalan 😂 Malam ka fara haɗa taransfomar unguwarku tukuna.

Kawu_Bukuru

Kai yaro bar shi ya yi abinsa. Ɗana Ɗan Gangare sannu da ƙoƙari. Ni mahaifina Allah ya ji ƙansa ya yi aiki a ƙaramin jirgin nan da ke tasowa daga Zariya zuwa Jos, wanda ya iso nan a 1914 saboda kuza aka rufe shi a 1957, faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, in ka je gidan tarihi na Jos za ka ga tsofaffin kawunansa a ajiye. Shi ya sa min son abin, da na yi ritaya na ce bari in haɗa nawa ko na teburi ne.

Ni tawa masifar ba a taya ta same ni ba, a dalma ta same ni, wato ƙarfen da ake narkarwa a like sassa da shi. Wannan farin ƙarfen mai laushi da ka ambata, ba wanda ya gaya min ba ya son zafi. Na ɗauko ƙarfen like na masu gyaran rediyo da dalmar da muka saba, mai kuza kashi 60 darma kashi 40, wadda sai zafi ya haura digiri 180 take narkewa, na ɗora a gefen akwatin da ke rufe moto, kafin in ƙifta ido gefen ya zama ɗigo yana sheƙi a kan tebur. Na zauna ina kallonsa ina salati. Abin dariya mu da aka haƙa kuza a bayan gidanmu aka kai Ingila, ga shi ta dawo ta ci ni.

Daga baya wani ya aiko min da dalmar da aka yi don wannan aiki, iri biyu. Akwai mai narkewa a 145 ta tagulla da tagulla, akwai mai narkewa a 70 ta farin ƙarfen. In za ka haɗa tagulla da farin ƙarfe sai ka fara shafa wa tagullar ta 145 siriri, sannan ka kama da ta 70, in ba haka ba ba ta riƙewa. Daɗinta kuma in ka like abu a karkace ba sai ka yi faɗa da shi ba, tafasa ruwa ka tsoma, zai rabu da kansa, ko a nan Jos da muke sama da mita 1,200 ruwa na tafasa kafin ya kai 100 ya ishe ta. Gefen da na narkar kuwa da gwangwanin madara na yanko madadinsa, har yau yana jiki, in ban nuna maka ba ba za ka gane ba. Kuma a wanke aiki da ruwa da sabulu bayan kowane like, ruwan nan da ake shafawa kafin dalma yana cin ƙarfe, ni na bar shi kwana biyu na tarar aksul ya yi tsatsa ja.

Malama_Rikkos

Kawu barka da dare, Allah ya ƙara lafiya. Ni da ɗalibaina na kulob ɗin kimiyya muka haɗa namu, na roba ne mai sauƙi ba irin na Malam ba, amma ranar gwaji mun sha kunya gaban shugabar makaranta, ana murɗawa sai fitilar kwantirola ta yi ja ta ɗauke. Sau uku. Yara suka fara kallona ni kuma ina kallon silin.

Abin da ya faru shi ne a tsarin dogo biyu, ɗaya ne ke kawo wuta ɗaya ke mayarwa, 12V ne iyakarta, to tayoyin namu gefe ɗaya ne aka raba da aksul da 'yar roba, ɗaya gefen a haɗe yake da ƙarfe. Wata yarinya ta juya aksul guda, mai robar ya koma ɗaya gefen, shi kenan wuta ta samu gajeriyar hanya ta jikin jirgin ba ta ko bi ta moto. Da ido ba ka gani sai ka kawo fuska kusa sosai. Mitar gwajin wuta ce ta nuna mana, muka sa ta a wurin da take ƙara in waya ta haɗu, muka taɓa tayar dama da ta hagu sai ƙiii. Malam tunda naka yana gurnani yana ɗan motsi ba na jin shot ne gaba ɗaya, amma ka gwada, minti biyu ne, wani lokaci sandar gefe ko takalmin birki ke taɓa taya a wuri ɗaya cikin zagaye sai ya yi kamar cijewa. Kashe fitilar ɗaki ka gwada cikin duhu, in akwai za ka ga ɗan tartsatsi.

Injiniya_Kubwa

Gaisuwa daga Abuja. Ni dai nawa labarin gajere ne kuma wauta ce tsagwaronta. Kwantirolar da na sayo ta hannu daga Amurka ce, 120V aka rubuta ɓaro-ɓaro a bayanta, ni kuma zumuɗi ya hana ni karantawa na soka a soket ɗinmu na 230, ji kake fat, sai wari. Ko jirgin ban kai ga ɗorawa ba. Duk wanda aka kawo wa kaya daga Amurka ko Japan ya juya bayansu ya karanta, na Japan ma 100V ne.

Na biyu, da na koma tsarin DCC, wato wanda ake aika wa jirgi umarni ta cikin dogo wata 'yar na'ura a jikinsa mai suna dikoda ta karɓa, na ɗora wani kan da ban sa wa dikodar ba a dogon, yana tsaye yana wani irin kuka siriri yana zafi, don shi DCC wutar na kan dogo kullum ko jirgi na tafiya ko ba ya yi. Allah ya sa na ɗauke da wuri. Ɗan Gangare wace irin kwantirola gare ka? In DC ce ta yau da kullum to manta da wannan.

Af, Sarkin Zolaya, ko na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ai dizal ke jansa, mai lantarki sai ka je Legas ka hau Blue Line da ya fara aiki a 2023, shi ma ba waya a sama, ta dogo na uku yake shan wuta. Saboda haka Kadan Malam ne kaɗai mai fantogiraf, ƙarfen nan na saman jirgi da ke shafar waya yana ɗaukar wuta, a duk Gangare, a girmama shi.

Maman_Biyu_FarinGada

Ba wanda ya yi maganar ƙura? Lokacin hunturu fa muke. Na maigidana da muka haɗa tare lafiya lau yake gudu da damina, iskar nan na fara kaɗawa ya koma tafiyar hawainiya yana tsayawa yana tashi, shi kuma sai ya ƙara masa man keken ɗinkina wai ya bushe ne, man ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo a tayoyi da 'yan siraran wayoyin nan da ke shafar bayan taya suna ɗaukar wuta. Auduga da sifirit na sa na goge dogon da tayoyin ɗaya bayan ɗaya, audugar ta fito baƙi ƙirin, jirgi ya tashi. Kar a sa sanfefa a dogo, yana barin ƙuje-ƙuje ƙura ta samu wurin zama. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa. Yanzu tsohon zanina ne murfin teburin, kuma na ɓoye man.

Ɗan_Gangare

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Injiniya DC ce, ta Jamus, 230 aka rubuta. Na bi maganarku daren jiya har ƙarfe ɗaya da fitilar caji don an ɗauke wuta tun magariba.

Abu biyu na samu. Na farko Yaya mai agogo ka canka, Kada yana da rukunin tayoyi biyu gaba da baya kowanne da aksul uku masu sanda, na gaba ya gangara a gilashin tebur sumul, na baya ya yi rabin zagaye ya ƙame, aksul na tsakiya ne ya kauce, da na sa shi a haske na hango ta tsakanin tayoyin ƙusarsa ba ta layi ɗaya da sauran. Na gyara. Na biyu kuma kunya ta hana ni faɗa da wuri, lokacin fenti ban rufe tayoyin da kyau ba, feshin ya sauka a bayan tayoyi huɗu daidai inda wayoyin ɗaukar wuta ke shafa, wato rabin jirgin ma ba ya shan wuta sam. Na goge da sifirit da tsinken sakace. Malama da wuta ta dawo na gwada cikin duhu ba tartsatsi alhamdulillah.

Da asuba da aka kawo wuta na ɗora shi ba gangar jiki, ya tafi, a hankali sandunan na hawa suna sauka kamar mai tuƙa keke, na bar shi rabin awa gaba rabin awa baya. Sai dai fentin hancin baya ya kankare wuri biyu garin kwancewa, kuma a inda dogon ya lanƙwasa tayar gaba ƙarama tana sauka daga dogo duk zagaye na uku ko na huɗu. Uwargida ta tsaya ta kalla har zagaye biyar da kofin shayi a hannu, ta ce to yanzu ina taragon.

Mai_Agogo_Terminus

Madalla. Ƙaramar tayar nan auna tsakanin bayan taya da bayan taya, ya kamata ya zo wajen milimita 14.4, in ya yi daidai to nauyi ne ba ta da shi, liƙa mata ɗan guntun darma a sama. In ba ka da abin awo kawo shi shago gobe bayan la'asar, ka naɗe shi a tsumma kar ka sa a aljihu, fantogiraf ɗin nan ba ya jure matsi.