Me za mu kira asarar da mota ke yi bayan an gyara ta?

Tafinta a Atlanta:
Assalamu alaikum. Ina neman agaji, lokaci ya ƙure mini. Wani ofishin lauyoyi a nan jihar Jojiya ta Amurka ya ba ni 'yar takarda mai shafi biyu in mayar Hausa saboda direbobinmu, yawancinsu 'yan Nijar da 'yan zangon Gana masu jigilar fasinja da kai saƙo. Ranar Juma'a zan miƙa. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: "diminished value".

Ga abin da ake nufi. An bugi motarka, inshora ta biya gyara, mota ta fito fes. To amma an riga an rubuta a tarihinta cewa ta yi haɗari, duk wanda ya sa lambar shasinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motoci, zai gani. Ranar da ka tashi sayarwa, motar da a da za ta yi dala 20,000 sai a taya 17,000. Wannan dubu ukun da ta zube ita ce maganar, kuma ana iya bin kamfanin inshora a karɓo ta, daban da kuɗin gyara. Na rubuta "raguwar daraja" na goge ya fi sau biyar.

Uwar Biyu:
Faɗuwar daraja mana. Me ya yi zafi?

Ɗan Jarida:
Hajiya, naira ta riga ta mallake wannan. Da ka ce faɗuwar daraja, hankalin mai sauraro ya tafi kasuwar 'yan canji. Ban da haka, kowace mota darajarta sauka take tun ranar da ta bar wurin dillali, ko da kuwa ba wanda ya goge ta. Wancan tsufa ne. Tambayarta a kan faɗuwar da bugu ya jawo ne, dole kalmar ta raba su. Ni da zan ce "karyewar farashi".

Uwar Biyu:
Karyewar farashi kuma ai tumatir ne lokacin kaka.

Ɗan Kwatano:
Ku 'yan boko kuna wahalar da kanku. Shekarata goma sha tara ina sayar da mota, mu dai cewa muke "an taɓa ta". Shi ke nan. Mai saye zai zo da bakanikensa, ya buɗe ƙofa ya ja robar gefe ya leƙa walda, ya bi jikin da maganaɗisu, inda bai kama ba ya san an cusa abin cike. Ya duba kan kusoshin bonet ko sifana ta taɓa hawa. Da ya ɗago ya ce "Alhaji wannan ba fes bodi ba ce", kuɗi sun sauka ke nan, ko inji na kuka kamar agogo. Kuma da yawan motocin da muke saukewa daga can wajenku suke, ƙanwata, waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu a Copart. Yanzu yaran nan ma sun waye, lambar shasi suke sawa a waya su nuna maka hoton motar ranar da ta daku.

Amma wai a biya ka don an taɓa ta? A nan wanda ya buge ka zai fito ya durƙusa, jama'a su taru su ce ka yi haƙuri tsautsayi ne, in ka yi sa'a ya raka ka wurin mai gyaran jiki ya biya rabi. Inshorar naira dubu 15 ɗin da muke yanka saboda 'yan sanda muke yankarta.

Ɗan Jarida:
Alhaji, wannan takardar ta dubu 15 tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora a Najeriya ta ce tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Mutane ne ba sa bi.

Ɗan Kwatano:
Allah ya ba mai bi sa'a.

Almajirin Zaure:
Bismillah. Abin da kuke nema yana da suna tun kafin a ƙera mota. A babin ciniki na littattafan fiƙihu, idan mutum ya sayi abu ya tarar da aibi, akan ƙiyasta kuɗinsa yana lafiyayye, a ƙiyasta kuɗinsa da aibin, bambancin da ke tsakani shi ake kira arshi. Ko a raunuka ana amfani da kalmar. Malama ta rubuta "arshin mota" ta huta.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam, in direba ya ga "arshi" a takardar lauya Al'arshi zai tuna, ya ce an yi saɓo.

Almajirin Zaure:
Wancan da ainun ne, wannan da hamza.

Uwar Biyu:
A boko duk "a" ce, Malam.

Mai Nazarin Harshe:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma abin da nake gudu shi nake gani: wannan ya ruga Larabci, wancan ya kawo "fes bodi". Yaushe Hausa za ta haifi nata? Harshen da ya ƙirƙiri jirgin sama da gidan waya da na'ura mai ƙwaƙwalwa bai gaza ba. Ga shawarata: RAMƘIMA, daga rama da ƙima, wato rama ƙimar da ta salwanta. Gajeriya ce, tana karɓar tasrifi: an biya shi ramƙima, ramƙimar motarsa, masu neman ramƙima. Kuma tun da ana gyara, ita ma "inshora" a sauke ta, muna da lamuni.

Ɗan Kwatano:
Ramƙima ai kamar sunan jarumin fim ɗin Indiya.

Mai Nazarin Harshe:
Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya kafin ta zauna.

Ɗan Jarida:
Malam, misalanka ma suna ƙaryata ka. Jirgin sama kalmomi biyu ne cikakku da kowa ya sani aka jera, ba a datse kan wata aka liƙa wa wata ba. Wannan datse-datsen ɗabi'ar Turanci ce, ita ka kwaikwayo kana zagin masu aro. Na'ura kuwa Larabci ce, ƙima ma Larabci ce. Kuma na'ura mai ƙwaƙwalwar nan, je ka kasuwar waya ka nemi mai gyaranta da wannan suna, kwamfuta za a ce maka. Lamuni kuma bashi ne ko tsaya wa mai bashi, in ta rubuta "kamfanin lamuni" za su ɗauka masu ba da rance ne.

Mai Nazarin Harshe:
Ku 'yan jarida ku kuka kashe harshen nan. Kullum fassarar gaggawa, kalma ta fito daga bakinku ta zama doka ba tare da an tuntuɓi masana ba.

Ɗan Jarida:
Masana suna taro shekara-shekara suna fitar da jerin kalmomi, mu kuma ƙarfe shida muke shiga situdiyo.

Baƙon Damagaram:
Ku yi mana a hankali. Rabin waɗanda za su karanta takardar nan mutanenmu ne, mu "asirans" muka taso muna ji, ba inshora ba. Amma wanda ya yi wata uku a Amurka ya san inshora, tun da kowane wata sai ta cije shi. A bar ta. Ramƙima dai ko a Zinder ko a Maraɗi ba wanda zai gane.

Direba a Jojiya:
Anti, ni abin ya faru da ni, bari in faɗi yadda yake ko zai taimaka. Ina tsaye a danja wata ta dake ni ta baya. An gyara, ban san da wani haƙƙi ba sai da wani abokin aiki ya ce in nema. Da na nema suka aiko da lissafin da ake kira 17c. Suna ɗaukar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin motar a matsayin iyaka, su rage gwargwadon girman ɓarnar, su sake ragewa gwargwadon tafiyar da ta yi. A misalinki na dala 20,000: iyaka 2,000, ɓarna matsakaiciya a raba biyu ya zama 1,000, in ta yi mil 45,000 a ninka da 0.6, ka tashi da dala 600. Motar da ta kai mil 100,000 kuwa sifiri ne, kuma motocinmu na haya kusan duk sun wuce nan. Sai da na biya mai ƙiyasi mai zaman kansa ya rubuto rahoto kafin suka ƙara. Don Allah ko me za ki kira shi, ki sa musu cewa tayin farko ba shi ne ƙarshe ba.

Mu a tsakaninmu "kuɗin tabo" muke cewa. Wani dattijo ɗan Kumasi ya fara faɗa, ya bi bakin kowa.

Tafinta a Atlanta:
Kuɗin tabo! Ƙanena ina ka shige tun jiya? Lissafin nan yana cikin takardar, ya samo asali ne daga shari'ar State Farm da Mabry ta 2001, inda kotun ƙolin Jojiya ta ce kamfani ya duba wannan asarar har ga wanda ya yi inshora a wurinsa. A yawancin jihohi inshorar wanda ya yi laifin kaɗai ake bi.

Mai Nazarin Harshe:
Tabo abu ne da ido ke gani. Ke da kanki kika ce mota ta fito fes. Ina tabon? Kalmar ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Sannan rabin mutanenmu ba sa sa ƙugiya a rubutu, mai karatu ya saba cike ta da kansa, zai karanta taɓo ya ɗauka kuɗin wankin mota ne.

Uwar Biyu:
Malam, in aka ce ɗan takarar nan yana da tabo, fuskarsa ake dubawa? Ko yarinyar da aka ce an sa mata tabo a unguwa? Tabon suna ne. Ita ma motar sunanta ne ya ɓaci.

Almajirin Zaure:
Wannan hujja ce. Ina nan kan arshi, amma na yarda tabo ya kusa da aibi. Sai dai "kuɗin" ya yi kama da na cefane. A ce diyya.

Baƙon Damagaram:
Diyya kuma sai a tambaya wa ya mutu.

Ɗan Jarida:
A'a, diyya ta daɗe da faɗaɗa, ana biyan diyyar gona da ta rusau.

Tafinta a Atlanta:
Na gode ƙwarai, dole in rufe haka. A kan takardar zan sa "Diyyar zubewar darajar mota bayan haɗari", don lauyan yana son abin da zai iya mayarwa Turanci ya ga ya yi daidai. Layin farko zai ce: wannan shi ne abin da direbobi ke kira kuɗin tabo. Daga nan har ƙasa kuɗin tabo zan yi ta cewa. Kalmar Turancin zan bar ta sau ɗaya, saboda ita za su furta in sun kira kamfanin. Inshora tana nan daram, a gafarce ni.

Mai Nazarin Harshe:
Kalma shida a inda ɗaya ta isa. Ba komai, takardarki ce. Ni dai na sa ramƙima a jerin da nake tarawa.

Ɗan Kwatano:
Ƙanwata, in kin gama ki turo mini. Sannan ki tambayar mini lauyan, wanda ya sayi motar bayan an taɓa ta, ya sauke ta a Kwatano, shi ba shi da kaso a kuɗin tabon?

Direba a Jojiya:
Alhaji ai kai ka riga ka ci naka a wurin gwanjo.