Daskarewar jini na gado da shanyewar ɓarin jiki, abin da aka tattauna

Jama'a ga taƙaitaccen abin da ya fito a zaman da 'yan uwa mazauna Jidda suka yi. In a gidanku an sha samun jini ya daskare a ƙafa ko huhu tun mutum yana matashi, ko ciki yana yawan zubewa, a gaya wa likita a yi gwaji, don ana gadon abin. Mata su faɗa tun kafin a ba su ƙwayar tsarin iyali.

Inda aka fi daɗewa shi ne shanyewar ɓarin jiki. Da an ga baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya ta Saudiyya, nan take, don allurar narkar da jinin da ya daskare a ƙwaƙwalwa galibi cikin awa 4 da rabi da fara alamun ake yinta, kuma ita ma tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa shi ya sa sai an yi hoton kai tukuna. Kar a ba majiyyacin asfirin a gida. Kar a ɗura masa komai, ko Zamzam ne wallahi, zai iya shaƙewa.

Masu shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, kuma su riƙa zuwa awon jini, sannan a gaya wa mai ƙaho kafin ya tsaga.