Daga Ina Wasannin Yaƙi na Kan Tebur Suka Fito, Kuma Yaya Aka Yi Suka Koma Yaƙin Taurari?

Malamin Tarihi, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina, kuma na lura cewa da yawa daga cikin ɗalibaina suna da wani irin wasa a wayoyinsu, wanda mutum yake kafa gari a wata duniyar, ya tara dukiya, ya ƙera kumbuna, sannan ya kai wa maƙwabtansa hari. Wani abokin aikina ya shaida mini cewa ba a kwamfuta aka fara irin waɗannan wasanni ba, a kan takarda da kwali aka fara su, har ma akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Ina roƙon masu sani su bayyana mini waɗanda suka fara buga su, da dalilin da ya sa masu yin su suka bar yaƙe-yaƙen da aka yi a tarihi suka koma ƙirƙiro na sararin samaniya. Burina shi ne in ga ko akwai abin da zan ɗauka in kai aji.

Tsohon Soja, Daura:

Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya faɗi gaskiya, amma kafin kamfanoni su shigo, abin na sojoji ne. A shekarar 1812 wani jami'i a daular Purashiya, wadda yanzu take cikin tarihin Jamus, mai suna von Reisswitz, ya gabatar wa sarkinsu wani wasan yaƙi da ake yi a kan tebur na musamman. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar manyan bindigogi, shi ya gyara shi a 1824, ya mayar da shi kan taswirar ƙasa ta ainihi mai nuna tudu da kwari da rafi, ya wakilci runduna da ƙananan gutsattsarin ƙarfe masu launin ja da shuɗi, ya kuma ƙayyade cewa kowane zagaye na wasa daidai yake da minti biyu na fagen fama. Sunansa Kriegsspiel, kuma shugaban hafsoshin ƙasar ya ba da shawarar a riƙa horar da jami'ai da shi. Bayan Purashiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai rundunonin wasu ƙasashe suka kwaikaye shi.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne bambancinsa da darar da muka sani. A dara, gidaje talatin ne, kowa yana da 'ya'ya goma sha biyu, kowa yana ganin duk abin da ke gabansa, kuma babu gidan da ya fi wani wahalar shiga. A wasan yaƙi kuwa ɓangarorin biyu ba sa zama daidai, doki ba ya tafiya kamar mai ƙafa, kurmi yana rage gudu, kuma kwamanda ba ya sanin inda abokin gaba yake sai abin da alƙalin wasa ya sanar da shi. Wannan alƙali shi ne ginshiƙin abin: shi yake karɓar umarnin kowane ɓangare a rubuce, ya lissafa lokacin da saƙo zai ɗauka kafin ya isa, ya yanke abin da ya faru. Duk wanda ya taɓa jiran umarni a daji ya san cewa jinkirin saƙo ya fi harsashi ɓata shiri.

Farar hula sun shigo ta wata ƙofar. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin dokokin yaƙi da 'yan sojojin dalma na wasan yara, inda ake harba ƙaramar igwa mai sifirin a kayar da su. Wannan mutum shi ne ya rubuta labarin mamayar da halittun duniyar Mars suka kawo wa duniyarmu, don haka alaƙar wasan yaƙi da ƙagaggun labaran kimiyya ta daɗe.

Mai Maɗaba'a, Sabon Layi, Katsina:

Ranka ya daɗe, ka share mana fage, bari in ɗora daga ɓangaren da ya shafi sana'ata, domin a ganina masu injin buga takarda ne suka tsara yadda waɗannan wasanni suka kasance, fiye da yadda ake zato.

Wanda ya fara sayar da wasan yaƙi na zamani a cikin akwati shi ne Charles Roberts na yankin Baltimore a Amurka. Ya fitar da Tactics a 1954, yana aikawa ta gidan waya, ya sayar da kimanin kwafi 2,000, sannan a 1958 ya kafa kamfanin Avalon Hill, ya fitar da Gettysburg a kan wani gumurzu na yaƙin basasar Amurka. Dabararsa ita ce ya kori alƙalin wasa ya maye gurbinsa da takarda. Kowace runduna ta zama ɗan kwali mai ɗauke da lambobin ƙarfinta da saurinta, sai a kwatanta ƙarfin mai kai hari da na mai tsaro, a ce uku bisa ɗaya, a jefa dayis, a duba jadawali a ga sakamako. Daga 1961 suka fara zana taswira da gidaje masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma, domin tafiya ta kowace fuska ta zama tsawo ɗaya, abin da gida mai kusurwa huɗu ba ya bayarwa idan aka bi ta gicciye.

To amma a 1963 bashi ya yi wa Roberts katutu, ya miƙa kamfanin ga masu binsa, kuma babba daga cikinsu shi ne Monarch, maɗaba'ar da take buga masa kaya. Wannan shi ya raya Avalon Hill shekaru fiye da talatin, saboda wanda yake da injinsa yana iya buga kwafi kaɗan, ya sake bugawa idan sun ƙare, ya cike lokacin da injin zai zauna banza. Sun riƙa yin taswira mai kauri a manne a kan allo, da akwati mai kyau, suna fitar da wasanni ƙalilan a shekara, kuma daga 1964 suna da mujallarsu mai suna The General.

Kishiyarsu ta bi wata hanya dabam. James Dunnigan ya kafa kamfanin SPI a birnin New York a 1969, ya karɓi wata mujalla da ta kusa durƙushewa, Strategy & Tactics, ya sa cikakken wasa a cikin kowace fitowa: taswirar takarda a naɗe, da faifan kwali guda na runduna, da dokoki. Mai karatu ya biya kuɗin shekara tun da farko, don haka kamfanin ya san adadin da zai buga, kuma suna saka takardar tambayoyi a ciki domin masu karatu su zaɓi yaƙin da suke so a yi wasa a kansa. Da wannan tsari suka fitar da ɗaruruwan wasanni cikin shekaru goma sha uku. Har ta kai su ga wuce gona da iri, domin wasansu na yaƙin Arewacin Afirka na 1979 an ƙiyasta zai ci kimanin sa'o'i 1,500 kafin a gama shi, kuma a cikin dokokinsa akwai ƙarin ruwan da sojojin Italiya suke buƙata don dafa taliya. A 1982 SPI ta kasa biyan bashin da kamfanin TSR ya ba ta, TSR ta kwashe kadarorinta, ta kuma ƙi cika alkawarin waɗanda suka riga suka biya kuɗin mujalla, abin da ya fusata amintattun masu saye ƙwarai. Avalon Hill kuma kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ne ya saye ta a 1998.

Ɗalibar Injiniya, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa:

Malam, game da kashi na biyu na tambayarka, ina ganin ba daidai ba ne a ce sun bar tarihi, domin har yau ana buga wasannin tarihi, kamfanin GMT na Kalifoniya ma sai mutane 500 sun yi odar wasa kafin ya buga shi. Abin da ya faru shi ne reshen ya girma har ya fi uwar bishiyar kasuwa.

Dalili na farko na masu tsarawa ne. Wanda ya yi wasa a kan yaƙin da aka riga aka yi, tarihi ya ɗaure masa hannu, tun da kowa ya san wanda ya ci, kuma masu saye za su ƙirga masa kowace bataliya. A sararin samaniya kuwa zai iya gwada abin da ba shi da wuri a ƙasa. Triplanetary na kamfanin GDW, a 1973, ya sa kumbo ya ci gaba da tafiya da saurinsa ta fuskar da ya dosa har sai an ƙona mai an karkatar da shi, ana zana hanyarsa da alƙalami a kan taswira, wato dokar motsi ta Newton da muke karantawa a aji. StarForce na SPI, a 1974, ya ɗauki taurarin da suke kusa da rana na gaske, ya ba kowane lamba mai nuna ko yana sama ko ƙasa da shimfiɗar taswira. Stellar Conquest, wanda Howard Thompson ya buga da kansa a Texas bayan Avalon Hill ta ƙi karɓa, shi ne kakan abin da ɗalibanka suke bugawa: ka leƙa taurarin da ba ka sani ba, ka kai mutane su zauna, ka zuba dukiya a binciken fasaha, sannan ka yi yaƙi. Wasannin kwamfuta irin su Master of Orion na 1993 wannan tsari suka gada, sai dai na'ura ta ɗauke wa mutum wahalar lissafin da a da yake yi da fensir.

Dalili na biyu kuɗi ne. A 1977 kamfanin Thompson, Metagaming, ya fitar da Ogre na Steve Jackson a cikin 'yar ledar da ta shiga aljihu, a kan dala 2.95, ana gama shi cikin ƙasa da sa'a guda. Ɓangare ɗaya tanka ce guda ɗaya tak, babba mai sarrafa kanta, ɗaya ɓangaren kuma runduna ce ta ƙananan motoci da sojoji. A wannan shekarar fim ɗin Star Wars ya fito, matasan da ba ruwansu da Napoleon suka cika shaguna. Avalon Hill ma ta riga ta shiga da Starship Troopers a 1976, ta biyo da Dune a 1979. Daga baya Games Workshop ta Ingila ta gano cewa ribar ba a takarda take ba, a 'yan mutum-mutumin da ake saye a fenta take, kuma Warhammer 40,000 da ta fitar a 1987 ya fi duk wasannin da aka ambata a nan kawo kuɗi.

Malamin Tarihi, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru matuƙa. Abu ɗaya ya tsaya mini: idan na kawo dayis aji, wasu iyaye za su danganta shi da caca, kuma sanin kowa ne malamai suna da magana a kan wasa da shi. Shin akwai hanyar da ba ta buƙatarsa?

Tsohon Soja, Daura:

Akwai, Malam, kuma tsohuwa ce. A 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya ga jadawali da dayis sun sa wasan ya yi nauyi har jami'ai suna gudunsa, sai ya ba da shawarar a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da iliminsa. Kai ne za ka zama wannan alƙali. Diplomacy na 1959 ma babu dayis a cikinsa, kowa yana rubuta umarninsa a ɓoye ne a buɗe lokaci guda, haka shi ma Dune da 'yata ta ambata.

Sai dai ina da ja a kan maganarta ta cewa tarihi yana ɗaure hannu. Ga malamin tarihi wannan ɗaurin shi ne amfanin. Ka ɗauki zamanin da ya biyo bayan 1807, lokacin da Katsina ta koma hannun Umarun Dallaje, tsohuwar zuriyar sarauta kuma ta kafu a Maraɗi tana kawo hare-hare shekara da shekaru. Ka raba ɗalibai biyu, ka ba ɓangare ɗaya ganuwa da garuruwan ribaɗi da dole su tsare, ka ba ɗayan dawakai da zaɓin inda za su ɓullo, ka hana su ganin taswirar juna. Da kansu za su tambaye ka nisan da doki mai lifidi yake iya yi a yini, da inda rijiyoyi suke, da dalilin da ya sa ake fita yaƙi da rani bayan an kawar da amfanin gona.

Mai Maɗaba'a, Sabon Layi, Katsina:

Idan kun tsai da shawara, buga taswirar ba zai yi wuya ba, kowace maɗaba'a mai injin fasta za ta fitar da ita, a lulluɓe ta da leda domin a riƙa rubutu a kai ana gogewa. Inda tsadar take shi ne yankan 'ya'yan wasan, domin sai an ƙera wuƙar yanka ta musamman, kuma ba ta biyan kuɗinta sai an buga da yawa. Don aji ɗaya, a buga su a takarda mai gam, a manna a kan kwali mai kauri, ɗalibai su yanka da almakashi. Ku shirya taswira uku iri ɗaya, biyu na ɓangarorin, ɗaya ta alƙali.