Neman kalmar Hausa: takardar auna koyarwar kimiyya da lissafi

Malamar_Agege: Salamu alaikum. Ranar Asabar muna da bitar malaman lissafi da kimiyya a nan Agege, ni aka ɗora wa fassara. "Observation protocol" ta tsaya min a wuya. Takarda ce da mutum zai zauna da ita a bayan aji yana ba darasi maki. Tamu sunanta RTOP, wato Reformed Teaching Observation Protocol, daga Jami'ar Jihar Arizona a Amurka: abubuwa 25, kowanne maki 0 zuwa 4, jimilla 100. Ana duba ko yara sun yi hasashe kafin gwaji, ko suna muhawara a junansu, ko kuwa malam ke ta magana su suna kwafar allo.

Ɗan_Obalende: Takardar sufeto mana.

Malamar_Agege: A'a, Yaya. Malami na jin sufeto zai ɗauko darasin da yara suka haddace tun makon jiya, kowa ya ɗaga hannu, mu tashi a tutar babu. Darasi ake aunawa, ba farautar laifi ake ba.

Tsohon_Hedimasta: Mizanin koyarwa.

Bakatsine_Mile12: Mizani Larabci ne, Malam. Ga ma'auni namu na gado! Ni dai na ce madubin aji. Malami ya duba ya ga kansa.

Tsohon_Hedimasta: To darasi da lissafi da ɗalibi daga ina suka zo? Madubi kuma ba ya ba da maki.

Bakatsine_Mile12: Haka kuke kashe kowace sabuwar kalma. Da daga wata jami'ar Kano ko Zariya ta fito, da tuni kun karɓa. Laifinta kawai a Legas aka haife ta.

Tsohon_Hedimasta: Ɗana, ba Hausarka na raina ba. Malamin da zai riƙe takardar nake ji wa.

Uwar_Biyu: Ku tausaya wa baiwar Allah, Asabar ta matso. Ma'auni shi kaɗai zai yi kama da jarrabawa. A sa ma'aunin lura da koyarwa, don a san da ido ake cike shi, a cikin aji.

Malamar_Agege: Ya yi tsawo, amma shi zan sa a kanun. A ciki in riƙa cewa ma'aunin lura. Na gode, Hajiya.

Bakatsine_Mile12: Ban gamsu ba. Ki ambaci madubin aji ko sau ɗaya a bitar, ki ga wanda malaman za su riƙe.