Créance da dette, duk "bashi" za mu ce?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan wasu kalmomi. Wata uku ke nan ina riƙe wa kawuna littafin kantinsa a Kasuwar Dole ta Damagaram, inda yake sayar da shinkafa da sukari da man girki a kan sari, kuma kullum wuri ɗaya nake tuntuɓe. Faransanci na da créance, kuɗin da kake bin wani, yana kuma da dette, wanda ake bin ka. Mu duka biyun bashi muke cewa. A baki ba ya rikicewa, don ana cewa ina bin sa, ko yana bi na. Amma saman shafi suna yake so, gajere.

Tsohon littafin kawu shafi ɗaya ne, an rubuta "bashi" a samansa. Mai tebur da ya ɗauki buhu 5 da dilan da ya sauke mana mota guda suna jere, sai kawu kaɗai ya san wa ke bin wa. Tsarin lissafin OHADA (ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka), wanda Nijar ke aiki da shi, ya raba su sarai: lamba 411 ta masu sayen kayanka ce, 401 ta masu kawo maka kaya.

Ga abin da aka turo mini tun jiya da na fara yin wannan tambayar.

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, ai mu kuɗin waje muke cewa." Baba, gaskiyarka, ni ma na sha jin kawu na cewa kuɗinsa duk suna waje. Sai dai a Damagaram, inda kaya ke shigowa daga Kano, duk wanda ya ga "kuɗin waje" a rubuce naira zai ɗauka ake nufi.

Wata malama ta kawo lamuni. Malama, kalmar ta yi mini daɗi, amma lamuni yarda ce da ake yi wa mutum kafin ya ɗauki kaya. Na ajiye ta don wani aiki: iyakar lamuni, wato adadin da mai saye ba zai wuce ba sai ya rage na baya. Rance kuwa kuɗi ne aka ba ka ka mayar, babu ciniki a ciki.

Abin da na tsaya a kai: bashin karɓa da bashin biya. Yaron kanti da na gwada wa bai tambaye ni ma'anarsu ba.

Kalma ta biyu ta fi ba ni wahala. Recouvrement muna da shi, bin bashi ne. Amma bin bashi ƙarshen aiki ne, lokacin da ƙafa ta fara zarya ƙofar gidan mutane. Akwai aikin da ke gabansa: wa za a ba, nawa, zuwa yaushe, wa zai tuna masa kafin ranar ta zo. Wannan nake so mu kira kiwon bashi, kamar yadda muke cewa kiwon lafiya. Makiyayi na ƙidaya dabbobinsa kowace yamma, ya san wadda ta yi nisa. Haka mai kanti zai jera bashin karɓa bisa kwanakinsa: wanda bai kai 30 ba, mai 60, wanda ya haura 90. Na ƙarshen nan lissafin OHADA na mayar da shi lamba 416 idan an fara shakkar biyansa, mu kuwa da ma muna da sunansa, bashi mai tauri.

Dalilin da ya sa na damu shi ne abin da na gani da idona. Dila ya ba mu kwana 15. Masu ɗaukar kayanmu sai sun yi kwana 45. Tsakani akwai wata guda da littafi ke nuna riba, aljihu kuma babu ko jika goma. Sau biyu kawu na sayar da sukari ƙasa da yadda ya saya don ya cika wa dila alkawari.

Wani ya rubuto cewa rubuta bashi da sa rana rashin kunya ne tsakanin ƴan'uwa. Yaya, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da ajalinsa, ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Kiwon bashi ya ɗauki duka biyun. Ko a kotu, hanyar umarnin biya da OHADA ta tanada tun 1998 na buƙatar bashi tabbatacce, sanannen adadi, wanda ajalinsa ya cika.

Saura trésorerie, wato kuɗin da kanti ke da shi a ƙasa don biyan buƙatunsa. An ce mini ruwan kuɗi, na ƙi, don zai yi kama da kuɗin ruwa. Kuɗin hannu nake rubutawa a yanzu. Ranar Alhamis zan ja layi a sabon littafi, wanda ke da abin da ya fi wannan ya turo kafin nan.